Lawrence ko Fields: Yadda Ake Zaɓen Kwatabak Daga Sakandare Zuwa Jami'a

A kakar wasannin 2017, a jihar Jojiya ta Amurka, akwai wasu yara biyu 'yan ajin ƙarshe na sakandare waɗanda manyan jami'o'in ƙasar suka yi ta zawarcinsu, kuma tsakanin garuruwansu tafiya ce da ba ta kai awa guda a mota ba. Trevor Lawrence yana makarantar Cartersville, Justin Fields kuma yana makarantar Harrison da ke Kennesaw. Dukansu suna buga matsayin kwatabak a ƙwallon Amurka, wato ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya dubi yadda masu tsaron abokan hamayya suka jeru, sannan cikin daƙiƙa biyu ko uku ya yanke shawarar ko ya jefa wa abokin wasansa da ya yi gaba, ko ya miƙa wa mai gudu, ko shi ya ruga da kansa. Shafukan 247Sports da Rivals, waɗanda sana'arsu ke nan ta jera 'yan wasan sakandare bisa ƙwarewa, sun sa Lawrence a matsayi na ɗaya a duk faɗin ƙasar cikin 'yan ajin 2018, ESPN kuwa ta fifita Fields. Tun da har masana sun kasa haɗuwa a kan magana ɗaya, waɗannan yara biyu sun zama misalin da ya fi dacewa ga duk kociyan da ke gaban irin wannan zaɓi.

Abin da ya sa zaɓin ke da nauyi shi ne, a wasu matsayai jami'a na iya ɗibar yara uku ko huɗu a shekara guda, ta sa su duka a fili bi da bi, amma kwatabak ɗaya ne ke wasa a lokaci guda, kuma bisa al'ada ɗaya ake ɗauka a kowace shekara. Idan aka yi kuskure a kansa, sai an yi shekara biyu ko uku kafin a gane, kuma sau da yawa kafin lokacin kociyan da ya yi zaɓin ya rasa aikinsa.

Ma'aunin da jama'a suka fi ambata shi ne taurari. Shafukan nan suna ba ɗan wasa tauraro biyu zuwa biyar, kuma masu tauraro biyar ba su cika wuce talatin da ɗoriya ba a kowace shekara, a dukkan matsayai. Bai kamata a raina wannan ma'auni ba, domin idan aka ɗauki 'yan wasa a dunƙule, masu taurari da yawa sun fi kaiwa ga nasara. Sai dai a nan bai raba gardama ba, tunda Lawrence da Fields kowannensu tauraro biyar gare shi. Dole mai zaɓe ya sauka daga kan jerin sunaye ya shiga duba abin da kowane yaro ya aikata.

A ganina, bambanci mafi girma tsakaninsu a wancan lokaci shi ne yawan shaida. Lawrence ya karɓi ragamar ƙungiyar makarantarsa tun yana ajin farko, a 2014, ya kuma riƙe ta shekara huɗu. Ya yi nasara a wasanni 52, an doke shi sau 2, a ciki har da wasanni 41 da ya ci a jere, da kofin jiha sau biyu, a 2015 da 2016. Ya jefa ƙwallo ta yadi 13,902, jifarsa ta haifar da tacdawun 161, wato kai ƙwallo ƙarshen fili wanda ke kawo maki 6, kuma da waɗannan alƙaluma ya shafe tarihin da wani kwatabak da ya gabace shi, Deshaun Watson, ya kafa a jihar. Mai nazari da ke son sanin yadda yaron yake idan ƙungiyarsa tana baya, ko idan an buge shi ya tashi, ko idan ya yi kuskure a farkon wasa, yana da wasanni sama da hamsin da zai zauna ya kalla. Yana iya ganin yaron yana ɗan ajin farko, ya sake ganinsa bayan shekara uku, ya tantance ko kurakuran farko sun gyaru ko kuwa girman jiki ne kawai ya rufe su.

Fields shekara biyu kacal ya jagoranci Harrison, kuma shekara ta biyun ba ta kai ƙarshe ba saboda karaya da ya samu a yatsa. A cikin wannan ɗan lokaci ya jefa ƙwallo ta yadi sama da 4,000 da tacdawun 41, ya kuma yi gudu da ƙwallo yadi sama da 2,000 da ƙarin tacdawun 28. Alƙaluman suna da kyau, amma sun yi kaɗan idan aka ajiye su kusa da na Lawrence. Masu goyon bayan Fields suna da amsa mai ƙarfi a kan haka. Jihar Jojiya tana rarraba makarantu rukuni-rukuni bisa yawan ɗalibai, Cartersville tana rukuni na huɗu, Harrison kuwa tana na shida, inda makarantu suka fi girma kuma aka fi samun 'yan wasa masu jiki. Ƙari ga haka, Cartersville ƙungiya ce da ta fi yawancin abokan karawarta nesa ba kusa ba, har ta kai ana yawan hutar da Lawrence kafin a tashi wasa saboda an riga an yi nisa. Don haka tambayar da ta kamata a yi wa kowace ƙididdiga ta sakandare ita ce: da wa aka kara, kuma su wa ke kewaye da yaron? Tacdawun da aka ci a kan yaran da ba za su sake buga ƙwallo ba bayan sun gama makaranta bai kai darajar wanda aka ci a kan masu tsaron da su ma jami'o'i ke nema ba.

Inda Fields ya fi haskakawa shi ne sansanin gwaji. A bazarar 2017 shi aka zaɓa gwarzon Elite 11, gasar da tun 1999 take tara fitattun kwatabak na sakandare, kuma Lawrence yana cikin waɗanda ya sha gabansu. Wannan nasara ta ɗaga sunansa ƙwarai, ta kuma nuna cewa ba mai gudu ba ne kawai, yana iya haddace tsarin wasa cikin 'yan kwanaki ya kuma jefa ƙwallo inda ake so. Amma ya kamata a san irin wasan da ake yi a waɗannan sansanoni. Yawanci bakwai ne ke karawa da bakwai, babu ƙattin da ke rugowa su kayar da mai jifa, babu sulke, babu tsoron karo. Kamar gwada doki ne a fili fetal, alhali ranar hawan sallah za a hau shi cikin kiɗa da ƙarar bindiga da cunkoson jama'a. Sansani yana nuna ƙarfin hannu da tsabtar jifa da saurin koyo, kuma yana ba kociya damar ganin yaro ido da ido, ya ji yadda yake amsa tambaya. Abin da ba ya nunawa shi ne ko yaron zai ci gaba da kallon masu cafe ƙwallo sa'ad da mutum mai nauyin kilo 120 ke nufo ƙirjinsa.

Wannan sai a faifan bidiyon wasa ake ganinsa, kuma a nan ma akwai tarko. Kusan kowane ɗan wasan sakandare a Amurka yana da ɗan gajeren faifai a shafin Hudl, wanda aka tsinto mafi kyawun jifarsa aka jera cikin minti huɗu ko biyar. Mai nazari na gaske yana neman cikakken wasa, musamman wanda aka sha kashi a cikinsa. A ɗauki hari guda a matsayin misali. Ƙungiya tana da dama huɗu ta ci yadi 10, ta ɓatar da biyu, saura yadi 8, kowa a filin ya san jifa za a yi. Ana tsayar da faifan kafin a miƙo ƙwallo, a duba ko yaron ya lura cewa ɗaya daga cikin masu tsaron baya ya matso gaba, alamar za a turo masa ƙarin mutum. Sai a sake shi a hankali, a kalli kansa: shin idonsa ya kafe a kan mutum ɗaya tun daga farko, ko ya duba na farko ya ga a rufe yake ya juya ga na biyu? Sai a kalli ƙafafunsa: idan masu tare masa, wato abokan wasansa da ke kare shi daga masu rugowa, sun fara ja da baya, yana taku ɗaya gaba ya shiga ɗan sararin da ya rage, ko yana juya baya ya gudu? A ƙarshe a duba lokacin da ƙwallon ta bar hannunsa. Yaron da ke jira sai ya ga abokinsa shi kaɗai kafin ya jefa zai ci wasa a sakandare, domin a can tazarar tana da faɗi, amma a jami'a kafin ƙwallon ta isa an rufe gurbin. Wanda ke sakin ƙwallo tun abokinsa bai gama juyawa ba, shi ne ya riga ya mallaki abin da ya fi wuyar koyarwa. A wannan fanni, abin da aka fi yabon Lawrence da shi ke nan tun yana sakandare, kuma dalilin a fili yake, ya ga irin wannan yanayi sau ɗaruruwa fiye da takwaransa.

Batun jiki ba ya bukatar dogon bayani a kan waɗannan biyu. Lawrence ƙafa 6 da inci 6 ne, siriri, Fields ƙafa 6 da inci 3, kakkaura, kuma kowannensu yana iya jefa ƙwallo daga tsakiyar fili zuwa gefe mai nisa ba tare da ta yi lilo a sama ba, wanda shi ne gwajin ƙarfin hannu da kociyoyi suka fi yarda da shi. Tsawo yana taimakawa wajen hango fili ta saman masu tarewa, amma an daina ɗaukarsa sharaɗi. Kyler Murray, mai ƙafa 5 da inci 10, bai taɓa shan kashi ba a wasannin da ya jagoranci makarantar Allen ta Teksas, ya kuma ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2018, Bryce Young ma mai kusan wannan tsayi ya ci ta a 2021.

Gudu kuwa magana ce mai nauyi, kuma ita ce babbar hujjar masu cewa a ɗauki Fields. Lissafin mai sauƙi ne. Kowane ɓangare mutum 11 ne, idan kwatabak ya miƙa ƙwallo ya tsaya kallo, masu hari sun zama goma a gaban masu tsaro goma sha ɗaya. Idan kuwa shi ma ana tsoron gudunsa, dole a ware mutum guda ya tsare shi, lissafi ya daidaita. Bayan haka, ƙafa tana ceton sabon ɗan wasa a shekararsa ta farko, lokacin da bai gama fahimtar dabarun masu tsaro ba, domin harin da ya lalace yana iya mayar da shi ribar yadi goma. Illar ita ce yaron da ya fi kowa gudu a sakandare yakan saba da dogaro da ƙafarsa, da zarar zaɓinsa na farko ya rufe sai ya ruga, don haka ba ya samun horon zama ya nemi na biyu da na uku. Kuma duk gudu karo ne, duk karo kuma ƙofar rauni ce ga mutumin da ƙungiya ba ta da kamarsa. Saboda haka idan ana kallon mai gudu, abin lura shi ne ko idonsa yana gaba yana neman wanda zai jefa wa sa'ad da yake kauce wa masu kama shi, ko kuwa ya riga ya rungume ƙwallo ya sunkuyar da kai.

Abin da ya biyo baya ya nuna wani ma'auni da ba ya cikin jikin yaro ko kaɗan, wato wurin da zai je. Lawrence ya yi wa Jami'ar Clemson alkawari tun Disamba 2016, bai sauya ba. Ya tarar da Kelly Bryant yana riƙe da matsayin, amma bayan wasanni huɗu na kakar 2018 koci Dabo Swinney ya ba sabon yaron ragama, Bryant ya bar makarantar ya koma Missouri. Clemson ta ci wasanninta 15 duka, ta lallasa Alabama da ci 44 da 16 a wasan ƙarshe a Janairu 2019, Lawrence ya gama shekarar da tacdawun 30, sau 4 kawai abokan hamayya suka cafke jifarsa. Fields kuwa da fari Penn State ya yi wa alkawari, ya janye, ya zaɓi Jami'ar Jojiya a Oktoba 2017. A can akwai Jake Fromm, wanda shekara ɗaya kawai ya girme shi a makaranta, kuma a kakar 2017 ya kai ƙungiyar har wasan ƙarshe na ƙasa. Koci Kirby Smart bai sauke Fromm ba, Fields ya shafe 2018 yana shiga jefi-jefi, jifa 39 kacal ya yi a duk shekarar. Da ya sauya sheƙa zuwa Ohio State, ƙarƙashin koci Ryan Day, a tsarin da aka gina don irinsa, sai ga tacdawun 41 ta hanyar jifa a 2019, an cafke masa 3 kawai, ya zo na uku a zaɓen Heisman. Yaron bai sake hali cikin wata goma sha biyu ba. Jojiya ta auna ƙwarewarsa daidai, abin da ba a auna da kyau ba, daga ɓangarenta da ɓangaren yaron, shi ne ko akwai gurbin da zai shiga.

Sun haɗu sau biyu a wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa, kuma duka karon biyu sun kunyata laƙabin da aka manna musu tun suna sakandare. A Disamba 2019 Clemson ta ci 29 da 23, kuma abin da ya juya wasan har da gudun yadi 67 da Lawrence, wanda ake kira mai tsayawa ya jefa, ya yi da ƙafarsa har ƙarshen fili. A ranar 1 ga Janairu 2021 Ohio State ta rama da ci 49 da 28, Fields, wanda ake kira mai gudu, ya jefa tacdawun 6 bayan ya sha mummunan karo a haƙarƙari. Shafukan jera 'yan wasa sun daɗe suna raba kwatabak gida biyu, masu jifa da masu haɗa jifa da gudu, kuma rabon yana da amfani wajen tsara jeri, amma mai zaɓe da ya tsaya a kansa zai rasa rabin abin da yaron zai iya.

Gaskiya ita ce jami'o'i ƙalilan ne ke samun damar zaɓe tsakanin irin waɗannan biyu. Ga sauran, zaɓin ya fi kama da na wasu yara biyu na wannan aji na 2018. JT Daniels na makarantar Mater Dei a Kalifoniya tauraro biyar gare shi, yana kewaye da zaratan 'yan wasa irin su Amon-Ra St. Brown, ya tsallake ajin ƙarshe ya shiga jami'ar USC, ya fara wasa tun ranar farko. Ya ji rauni a gwiwa a wasan farko na 2019, ya rasa matsayinsa, ya koma Jojiya inda Stetson Bennett, wanda ya shigo makarantar da fari ba tare da tallafin karatu ba, ya karɓe gurbin, daga nan ya wuce West Virginia, ya ƙare a Rice. Rauni ya taka rawa sosai a labarinsa, ba adalci ba ne a ce masu nazari sun yi kuskure gaba ɗaya. Brock Purdy na makarantar Perry a jihar Arizona kuwa tauraro uku ne, ba dogo ba, ba mai hannu na a zo a gani ba, sai dab da ranar sa hannu Alabama da Texas A&M suka waiwaye shi. Ya zaɓi Iowa State, inda hanya ta fi zama a buɗe, ya karɓi ragama a shekararsa ta farko, ya riƙe ta shekara huɗu, ya kai su ga doke Oregon a babban wasan ƙarshen kaka na Fiesta Bowl a Janairu 2021. Abin da Purdy yake da shi, saurin yanke shawara da jifa a kan lokaci, yana cikin faifan wasanninsa ga duk wanda ya zauna ya kalla, sai dai ba irin abin da ke ɗaukar ido a sansani ba ne.

Akwai abubuwa biyu da ke wajen fili waɗanda ke iya rushe duk wannan lissafi. Na farko karatu ne: hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i tana bukatar ɗalibi ya kammala darussa 16 na tushe da matsakaicin maki 2.3 kafin ya buga wasa a rukuni na ɗaya na jami'o'i a shekararsa ta farko, don haka takardar sakamako tana cikin abin da ake dubawa tun kafin a yi tayi. Na biyu shi ne dokokin sun sauya tun bayan zamanin Lawrence da Fields. Lokacin da Fields ya bar Jojiya sai da ya nemi izini na musamman kafin a bar shi ya yi wasa ba tare da zaman shekara guda ba. Daga 2021 an sassauta wannan doka, kuma daga 1 ga Yuli na wannan shekara aka halatta wa 'yan wasan jami'a karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu. Ma'anar haka ga mai zaɓe ita ce yaron da ake shirin rainonsa shekara biyu a benci yana iya tafiya kafin a ci moriyarsa, wata jami'ar ta girbe abin da ba ta shuka ba. Wannan ya ƙara wa wanda ya zo a shirye daraja a kan wanda sai an gyara.

Da ni ne kociyan da ke da gurbi ɗaya a ƙarshen 2017, da abin da aka sani a lokacin kawai, Lawrence zan ɗauka, kuma dalilina ba wai ya fi Fields baiwa ba ne, domin a gudu da ƙarfin jiki Fields yana gaba, a ƙarfin hannu kuma kusan kunnen doki suke. Dalilin shi ne wasanni hamsin da ɗoriya suna rage yiwuwar kuskure fiye da kaka ɗaya da rabi da sansani guda, komai kyawunsa. Zan sauya wannan hukunci a yanayi biyu. Idan masu tare wa kwatabak a ƙungiyata raunana ne, ta yadda duk wanda na sa zai riƙa gudun ceton kansa, to mai ƙafa irin Fields ya fi mini amfani daga ranar farko. Haka kuma idan tsarin harina an gina shi a kan kwatabak ya karanta mai tsaro ɗaya ya zaɓi ko ya miƙa ko ya ruga, sayen wanda ba a tsoron gudunsa sosai asarar rabin tsarin ne. Idan kuwa ina da irin Fromm a hannu, matashi mai sauran shekara biyu ko uku, kuma ba ni da niyyar sauke shi, to babu ɗaya daga cikin biyun da ya dace da ni a wannan shekara. Gurbin ya fi dacewa da yaro mai tauraro uku wanda faifansa ya nuna yana sakin ƙwallo da wuri, wanda kuma aka gaya masa tun kafin ya sa hannu cewa sai a shekararsa ta uku ake sa ran zai fara wasa.